Gungumen Ɗorawarki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, wadda ke kwance a maƙabartar gabas da gari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan sallama, ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, tare da roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima, ya yalwata miki makwanci. Mutanen gida kowa lafiya. An yi ƙaramar Sallah lafiya. Zafi ya buɗe sosai, ana ta kai taki gona ana jiran ruwa, masu ɗorawa kuma sun fara ɗiba. Baba yana nan. Ƙafa ta yi nauyi, ido ya rage, amma har yau shi ke riga ladan zuwa masallaci.

Na san wasiƙar nan ba za ta same ki ba. Ko kina raye ma sai an karanta miki, kuma na san kafin a kai tsakiya za ki miƙe ki ce kin bar tukunya a kan wuta, don ba kya zama inda ake maganar ɗan fari. Har kika bar duniya ba ki taɓa kiran sunana ba, sai dai “mai sunan Malam”. Duk da haka na ga ya kamata in rubuta, kuma in rubuta inda mutane za su gani, saboda laifin da na yi wa mijinki a gaban mutane na yi shi.

Kin tuna kulob ɗinmu, wanda muka kafa muna samari don buga ƙwallo a filin firamare? Yana nan. Sai dai yanzu babu mai iya bin ƙwallo a cikinmu, duk mun ajiye tumbi da furfura, ya koma ƙungiyar zumunci. Kowace shekara, kwana biyu bayan Sallah, na birni da na gida sai mu haɗu a ajin ’yan shida, mu cusa kanmu a bencin yara, a sha lemo, a yi gardama a kan wanda zai gyara famfon unguwa, daga nan a ba wani dattijo dama ya yi mana lacca.

Bana Malam Habu aka gayyata, tsohon hedimastanmu. Maganar da ya zaɓa kuwa ita ce littattafan marigayi Wakili, mutumin nan da ya wakilci yankinmu a majalisa ina ɗan firamare. Bayan rasuwarsa ’ya’yansa sun tarar da adaka cike da dayari, irin littattafan nan masu kwanan wata a saman kowane shafi. Ashe kullum sai ya rubuta abin da ya wuni yana yi, wani da boko, wani da ajami. Suka rasa yadda za su yi da su, suka kai wa Malam Habu.

Da na ga sanarwar a waya, gabana ya faɗi. Kin san dalili. Ɗorawarki ce.

Ita ce babba a duk gonakin arewa da gari. Tana tsaye a bakin gonar Baba, amma ko yaro ya san ba tasa ba ce. Gona ta Baba, itace naki, gadon mahaifiyarki. A ƙasarmu da kowace gona ke manne da wata, ba abin mamaki ba ne mutum ya yi noma shekara da shekaru a ƙarƙashin itacen da ko ƙwaya ɗaya ba zai tsinka ba sai da izini. Baba kansa, in yana son garin ɗorawa ya dama, sai ya aiko a roƙe ki.

Ina tuna bazara. Mu ɗebo, mu ɓare, bakinmu da rigunanmu duk su yi rawaya. Ke kuma ki wanke kalwa, ki dafa ta wuni guda, ki surfa, ki rufe ta a kwando har sai warin ya kori kowa daga tsakar gida in ban da ke. Daddawarki har daga kasuwar Ɗanbatta ake aiko saye. Kafin ki sayar da ko ɗaya, sai kin fitar da rabon Kawu, yayanki, da na sauran dangin mahaifiyarki. Kina cewa, “Wannan ba kyauta ba ce, gaisuwar tsohuwa ce.”

Ina tuna damanar da ƙanwata Binta ta rasu. Shekararta huɗu. Zazzaɓi ya kama ta da safe, kafin azahar ta fara sanƙarewa. Lokacin babu hanyar da mota za ta shigo garinmu, sai ’yar siririyar hanya tsakanin gonaki, kuma ana tsakiyar marka. Baba ya saɓa ta a kafaɗa ya nufi bakin kwalta da gudu cikin taɓo. La’asar sakaliya ya dawo da ita a kafaɗar dai, amma yanzu a hankali yake tafiya, ya lulluɓe ta da rawaninsa. Ba ki yi kuka a gabanmu ba. Kin ci gaba da tankaɗen da kike yi har garin ya ƙare, sannan kika shiga ɗaki.

Da rani sai ga ’yan safiyo, masu awon ƙasa, da turakunsu, aka ce Wakili ya samo mana hanyar burji. Kowa ya yi murna, har aka fara kafa turaku aka ga ta inda za ta bi. Nan fa murna ta koma ciki. Mutumin da gonarsa ba ta fi ya nome ta a safiya biyu ba, ta yaya za ka ce ya ba da taku biyar? Aka yi ta ja, ana matsar da turaku, har magana ta tsaya a wuri ɗaya. In hanyar ba ta bi ta kan ɗorawarki ba, sai dai ta raba ƙananan gonaki huɗu, masu su kuwa sun rantse sai dai a fasa.

Wata safiya muna aji muka ji ƙarar gatari. Da aka tashe mu na ruga. Na tarar da ita a kwance, rassanta sun rufe rabin gona, Baba yana tsaye a gefe hannunsa a baya. Na dawo gida na same ki a bayan rumbu kina kuka, irin kukan da ba ki yi ba ranar Binta. Shekarata goma sha biyu. Ban tambayi kowa komai ba, na yanke hukunci.

Bayan kwana biyu Kawu ya zo. Ya tsaya a ƙofar gida ya faɗa wa Baba duk abin da ya zo bakinsa, unguwa na ji. Ya ce an ci amanar marainiya, an sayar da gadon uwarsu. Baba ya sunkuyar da kai har Kawu ya gama. Ba a yi wata guda ba sai ga Baba da sabon keke. Shi ke nan, gari ya gama lissafinsa, aka ce Wakili ya saye shi da keke. Har waƙa yara suka yi. Sani ɗan Kawu, da yake taubashina ne, ya maƙala mini suna “ɗan mai keken ɗorawa”, kuma har muka yi furfura bai daina ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gungumen. Baba ya sa aka jawo shi da shanu har ƙofar gidanmu, ya ɗora shi a kan duwatsu, ya mai da shi wurin zama. Duk shekara sai ya samo baƙin mai wurin masu injin niƙa ya shafe shi saboda gara. Ni kuwa ina ganin rashin kunya ce, mutum ya yanka abin wani sannan ya zauna a kan gawar. Na yi wa kaina alkawari ba zan taɓa zama a kansa ba. Kin san ni da riƙo. Na cika alkawarin.

Ban taɓa yi wa Baba rashin kunya a fili ba, ki shaide ni. Ina zuwa daga birni, in durƙusa in gaishe shi, in kawo abin da ya sawwaƙa, in kai shi asibiti in ta kama. Amma ban taɓa zama mun yi hira ba, ban taɓa sa hannu a kwanonsa ba. Mutane suna cewa kunyar ɗan fari ce. Shi ya san ba ita ba ce. Ke ma kin sani, don sau da yawa kina aiko ƙannena da saƙo ɗaya, “Ku ce wa mai sunan Malam ya gaida ubansa da kyau.” Da kika kwanta ciwon ajali ma, abin da kika iya ce mini kina kallon bango shi ne, “Ka riƙe shi.” Na ɗauka haƙurinki ne irin na kullum.

Akwai abin da ba ki sani ba, domin bayan tafiyarki ya faru. Da aka zo raba ’yan kayanki, aka yi maganar akuyoyinki, wani ya ce a bar su a hannun Baba kafin ’yan mata su yanke shawara. Sai na ji bakina ya ce, a gaban ƙannena da liman, “A dai nemi wani wurin, kada su bi ɗorawa.” Baba ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, “Allah ya yi maka albarka.” Ya tashi ya fita. Shekara tara ke nan, ban taɓa ba shi haƙuri ba.

To kin ga halin da na tafi taron nan da shi. Rabina yana tsoron a tona asirin Baba a gaban abokaina. Ɗaya rabin kuwa, in faɗi gaskiya, so yake a karanta, a ga baƙi a kan fari, in tabbata shekarun nan duka ban yi fushin banza ba.

Malam Habu ya zo da littattafai shida a jakar leda, ya sa tabarau, ya fara. Inna, ashe rayuwar babban mutum ba wani abin a zo a gani ba ce. Yau mota ta lalace a hanyar Gezawa. Yau ciwon haƙori ya hana shi cin tuwo. Yau mutum goma sha sun zo neman aiki, ya yi wa kowa alkawari, ya san ƙarya yake yi. Yau an yi ruwan shuka. Malam Habu bai wanke shi ba, bai kuma ɓata shi ba. Ya ce mu lura, mutumin da ke cika dandali da magana, in ya zauna da littafinsa sai ya koma ƙaramin mutum mai tsoron mutuwa kamar kowa. Muka yi dariya a wurare, a wasu wuraren muka yi shiru.

Can ya ɗauko na biyar, mai jan bango, ya ce zai karanta mana yadda aka yi hanyar da muka biyo muka zo. Bai dube ni ba. Sani yana gefena, ya zungure ni da gwiwar hannu.

Ya ambaci sunan Baba, ya karanta: “Yau karo na uku ke nan ina zuwa wurinsa. Ya ce itacen ba nasa ba ne, na mai ɗakinsa ne, gadon uwarta, kuma ko ɗaure shi za a yi ba zai ba da abin da ba nasa ba. Ya ce in ya so in ɗauki rabin gonarsa in bar itacen. Masu awo sun ce ba zai yiwu ba. Ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba.” Aji ya yi dariya. Sani ya raɗa mini cewa ashe gado na yi. Ni ban yi dariya ba, don na kasa gane abin da nake ji.

Ya juya shafi biyu. “Da hantsi tsohuwar unguwarzoma ta zo mini da ƙwarya an rufe da faifai. Daddawa ce a ciki. Ta ce mai itacen ce ta aiko ta. Ta ce a sare. Ta ce ’yarta ta mutu a kafaɗar ubanta kafin a kai bakin kwalta, ba ta son wata uwar ta tsaya inda ta tsaya. Sharaɗinta ɗaya, kada danginta su ji cewa daga bakinta ya fito, don yayanta zai yanke zumunci da ita, kuma shi kaɗai ya rage mata a ɗakinsu. Na koma wurin mijin. Ya ce tunda ita ta ce, to a ce shi ne. Na yi maganar diyya, ya ƙi. Ya ce a bar masa gungumen kawai.”

Akwai na ƙarshe, gajere. “Na ji ana cewa na saye shi da keke. Na so in yi magana bayan sallar Juma’a, ya hana ni. Gaskiya kuma shirun ya yi mini daɗi, domin yanzu da sunana ake kiran hanyar. Na rubuta a nan ko wata rana wani zai karanta. Allah ya yafe mini.”

Malam Habu ya rufe littafin ya cire tabarau. Ya ce ya yi watanni yana juya shafukan nan a ransa. Ya ce tunda ke da Kawu duk kun riga mu gidan gaskiya, babu sauran zumuncin da za a tsare da shiru, amma akwai dattijo mai rai da ake bin sa da mugun suna. Ya ce ya je neman izinin Baba, abin da Baba ya ce masa kawai shi ne littafin ba nasa ba ne.

Ban san yadda aka tashi taron ba. Na san dai Sani ya riƙe hannuna. Na zame hannuna na fita. Ban hau mota ba, na biyo hanyar da ƙafa.

Na tsaya daidai inda take a da. Yanzu rumfar mai faci ce a wurin. Babura suna wucewa, da motar kasuwa, da amalanken taki. Sai na tuna ta nan aka bi da matata a mota ranar da haihuwar ’yarmu ta fari ta zo da gardama, wadda na sa wa sunanki. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Ranar na gode wa Allah, na gode wa direba, har marigayi Wakili na sa wa albarka. Ke da Baba ko a raina ba ku zo ba.

Na iso gida bayan la’asar. Yana zaune a kan gungumen, da gwangwanin baƙin mai a gefensa da tsumma, yana laluben wuraren da gara ta fara. Gungumen ya tsufa, Inna, gefe ɗaya duk ya rarake. Na durƙusa kamar kullum, amma gaisuwar ta ƙi fitowa. Da ƙyar na ce masa daga taro nake. Ya ce an tashi lafiya? Na ce Malam Habu ya karanta. Ya ajiye tsumman. Sannan ya ce, “Ni dai ban faɗa ba.”

A nan na fashe da kuka, ni da na ajiye jikoki, a ƙofar gida, mutane na wucewa. Na ce ya yafe mini maganar akuyoyi, da duk shekarun da na yi ina gaishe shi kamar baƙo. Ya bar ni na yi mai isata. Da na lafa ya ce, “Saboda uwarka ka ji haushina. Da ba ka ji ba, da shi ne zan damu.” Na tambaye shi keken. Ya ce ragonsa ya sayar ya haɗa da gyaɗar shekarar, don ya yi wa kansa alkawari ba zai ƙara ɗaukar yaro marar lafiya a kafaɗa ba.

Daga nan ya matsa gefe, ya bubbuga itacen da tafin hannu, ya ce in tashi daga ƙasa ƙafata za ta yi tsami. Na tashi na zauna. Rana ta gasa shi, da ɗumi. Ya miƙo mini tsumman ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan ramukan, in duba masa ta ƙarƙashi. Muka yi ta shafa har aka kira magariba, farar shaddar Sallata ta tashi daga aiki. Da aka kawo tuwo ya ce a ƙaro ruwan wanke hannu.

Inna, ina da ƙorafi a kanki, kuma yau zan faɗa tunda ba za ki iya tashi ki bar ni ba. Me ya sa ba ki gaya mini ba? Kalma ɗaya ta isa. Na san amsar, kunya ta hana ki zama da ni, tsoron rasa Kawu ya hana ki gaya wa kowa. Kin ga ina yi wa mijinki kallon ɓarawo, kin ga yana ɗauke da laifinki a kansa kamar dami, kuma kullum ke ce mai kai masa abinci. Yanzu na gane kukan bayan rumbu, kuma na gane “ka riƙe shi”. Ban ga laifinki ba. Ina jin tausayinki ne, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar da muka kai ki. Ina kewarki ƙwarai.

Sani ya zo washegari da sassafe, ya cire hula ya durƙusa a gaban Baba a madadin mahaifinsa. Baba ya ce babu komai, Kawu gaskiyarsa ya bi, kuma ya sa muka yi masa addu’a tare. Ni kuma na fasa komawa birni a makon nan. Ban san kwana nawa suka rage wa Baba ba, na riga na ɓarnatar da masu yawa.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Allah ya sa kowace ƙafa da kowace taya da ta bi hanyar nan ta zame miki sadaka mai gudana. Ya haɗa ki da Binta a inuwar da ta fi wadda kika bayar. Ya gafarta wa Kawu, ya gafarta wa Wakili, ya saka wa Malam Habu da alheri. Ya ba Baba lafiya, ya ara mini shi ko na ’yan shekaru ne, in gaishe shi da kyau kamar yadda kika yi ta aikowa. Amin.

A kan gungumen nake rubuta miki wannan, yana gefena yana jan carbi. Ya tambaye ni wa nake rubuta wa, na gaya masa. Ya ce in ce miki ya riƙe amana.

Ni ne ɗanki na fari,
mai sunan Malam.